Littafin aikin tada tsohon shirin FORTRAN na Kawu

Asabar, 2 ga Agusta 2025

Yau na je Unguwar Rimi na karɓo kayan. Kawu injiniyan ruwa ne, ya daɗe da yin ritaya, amma bai taɓa yarda a zubar masa da ko takarda ɗaya ba. Abin da ya miƙo mini cikin leda: faifan CD guda da wani ya kwafe masa daga fulofi tun yana aiki, da takardar firinta mai faɗin nan mai huji a gefe biyu, an buga ta a 1988. A cikin faifan akwai shirin kwamfuta mai layi 410 da aka rubuta da harshen FORTRAN, da fayilolin awon ruwan sama na kullum daga tashoshi shida, daga 1968 zuwa 1987. 'Yar autarsa na rubuta bincike a kan ambaliyar kogin Kaduna, tana son alƙaluman a tebur. Ni kuma malamin lissafi ne a sakandare, ina hutu, na ɗan taɓa harshen kwamfuta na Python, shi ke nan aka ce ni ne gwanin gida.

Laftof ɗina ba ta da ramin CD. Na biya wani shagon kwamfuta wajen babbar kasuwa suka juye mini a filashi, naira 1,500. Keke-napep zuwa da dawowa Kawo, 1,200.

Talata, 5 ga Agusta

Na sayi data ta 3,500, na sauke gfortran, wanda shi ne zai juya shirin zuwa harshen inji. Shi FORTRAN ya girmi 'yancin Najeriya. Kamfanin IBM ya fito da shi a 1957, ƙarƙashin jagorancin John Backus, kuma har yau kamannin kati mai huji, wanda ake shigar wa kwamfuta shiri da bayanai da shi a da, na jikinsa. Katin gurbi 80 gare shi. Gurbi na 1 zuwa 5 na lambar layi ne, na 6 alamar cewa layin ci gaban na sama ne, na 7 zuwa 72 nan umarni yake, na 73 zuwa 80 kuma lambar jeri ce, don in katunan suka zube ƙasa a iya tsara su.

Da umarnin -std=legacy shirin ya haɗu ba gardama. Sai ni da ƙarambanina na ce bari in gyara masa zama, na tura wasu layuka ciki don su yi kyan gani. Bakan rufewa na wani FORMAT ya tsallake gurbi na 72, inji ya yi kamar bai gan shi ba. Na mayar da komai yadda na tarar.

Asabar, 9 ga Agusta

Wuni guda na yi a kan layi biyu, domin duk aikin a kansu yake:

READ (5,100,END=900) NST, IY, IM, (R(I), I=1,31)
100 FORMAT (I5,2I2,1X,16F4.2/(10X,16F4.2))

Biyar ɗin nan lambar ƙofar shigar bayanai ce, a da na'urar karanta kati ke nan. Ɗari lambar layin FORMAT ce. END=900 na nufin in fayil ya ƙare a tsallaka layi na 900. Sauran sunaye ne na ma'ajin da za a zuba abin da aka karanto. Duk sunan da ya fara da harafi daga I zuwa N cikakkiyar lamba yake ɗauka ko ba a faɗa ba, shi ya sa shekara ta zama IY, wata ya zama IM, ruwa kuma R tunda shi yana da ɓurɓushi bayan ɗigo.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, FORMAT bai san lamba ba, gurbi yake ƙirgawa. Kamar mai awon yadi ne da ya rufe ido yana yanka: nan biyar, nan biyu, nan biyu, ko me ya faɗa ciki nasa ne. I5 ya ɗebi gurbi biyar, lambar tasha. 2I2 ya ɗebi bibbiyu sau biyu, shekara da wata. 1X ya tsallake gurbi ɗaya. 16F4.2 ya ɗebi hurhuɗu sau goma sha shida, kwanakin farko na wata ke nan. Sandar nan mai karkata ta ce a koma layi na gaba, 10X ya tsallake gurbi goma na farko, sai a kwashe ragowar kwana goma sha biyar. Wato kowane wata kati biyu.

Ga farkon wani layi, na sa alamar _ a madadin sarari don a gani:

000147408____0_125__30___0

Tasha ta 14, shekarar 74, watan 8. Ran 1 ba ruwa. Ran 2 an rubuta 125, amma ba 125 ba ne. Biyun da ke bayan F4 na cewa in babu ɗigo a filin, lambobi biyu na ƙarshe su ne bayan ɗigo. Saboda haka inci 1.25 ne, na gaba kuma 0.30. Na tambayi Kawu a waya me ya hana su buga ɗigon kawai. Ya ce, "Ɗana, ɗigo ma gurbi yake ci. Goma sha shida a kati ɗaya, ka lissafa."

Lahadi, 10 ga Agusta

Ruwa tun asuba, ba wuta. Caji a shagon bakin titi, 300. Ban taɓa komai ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na ga ai akwai hanya mai sauƙi: a sa tauraro a madadin lambar FORMAT, READ (5,*), inji ya riƙa raba lambobi da kansa duk inda ya ga sarari ko waƙafi. FORTRAN 77 ya zo da wannan. Na ce tsofaffi wahalar da kansu suka yi.

Abin da ya biyo baya sai da na yi dariya ni kaɗai. Tunda tasha da shekara da wata a manne suke, ya haɗiye su lamba guda, 147408, ya ce ita ce tasha. Ruwan ran 1 ya zama shekara, na ran 2 ya zama wata. Ɗigon da FORMAT ke sakawa ya tafi, 30 ta zama inci talatin. Da layin farko ya ƙare masa bai cika talatin da ɗaya ba, sai ya gangara na biyu ya ɗauki lambar shaidar katin, wato tasha da shekara da wata da aka maimaita a farkonsa, a matsayin ruwan ran 15. Inci 147408 a yini guda, ko zamanin Annabi Nuhu. Kuma ko ƙorafi ɗaya bai yi ba, ya buga jimilla ya miƙo mini. Na cire tauraron.

Asabar, 16 ga Agusta

Ɓarna ta yau tawa ce ni kaɗai. Na buɗe fayil ɗin tasha ta 14 da Excel don in leƙa, ya tambaye ni yadda zai raba, na danna na wuce, da zan rufe kuma na danna adanawa ba tare da tunani ba. Ya share sifilan farkon layi, ya maye jerin sarari da alamar tsalle ta tab. A ido layukan sun jeru tsaf, har sun fi da kyau. Amma tab harafi ɗaya ne a cikin fayil komai faɗin da ya nuna a allo, don haka kowane fili ya goce daga mazauninsa. A kan filashin nake aiki kai tsaye, ba ni da wani kwafi. Sai komawa shago da CD: 1,500, keke 800. Yaron shagon ya ce, "Malam, ba kai ne na ranar nan ba?" Na ce ni ne.

Yanzu kwafi uku gare ni, na asalin na kulle shi, karantawa kawai.

Laraba, 20 ga Agusta

Shiri ya tashi. Na fara da shekarun da aka yi awo da inci, 1968 zuwa 1975, tasha shida, jimillar shekara 48 ke nan. Na shimfiɗa takardar 1988 a tabarma, na ɗora rula ina bi layi-layi. Guda 47 sun yi daidai har ɗigo. Ɗaya ta ƙi: tasha ta 14, shekarar 1974. Tawa ta gaza ta takarda da inci 11.88.

Da farko na zargi juyin da aka sake yi mini a shago. Na gwada da sauran kwafin, duk ɗaya.

Asabar, 23 ga Agusta

Kwana uku lambar nan tana yi mini yawo a ka. Ruwa ba ya tsami banza. Da kwana guda ne ya ɓace, da gibin zai zama adadin ruwan ranar, kuma babu ranar da ke da 11.88 a fayil ɗin. Daren jiya ina kwance sai ta faɗo mini: 12.00 a ɗebe 0.12. Na tashi na kunna laftof da ragowar caji.

Na sa shirin ya riƙa buga kowane fili yadda yake a layi, gefe guda kuma abin da ya fahimta. A Satumba 1974, ran 9, ga abin da ke wurin: 12__ maimakon __12. Mai buga katin ya fara daga hagu, ya bar sarari biyu a dama.

Nan ne tarihin harshen ya shigo. A ƙa'idar FORTRAN ta 1966, sarari a cikin filin lamba sifili ne. Dalilin a fili yake, gurbin da ba a huda ba ya rage wa mai bugu aiki. Saboda haka 12__ daidai yake da 1200, F4.2 kuma ya mai da shi 12.00. Ƙa'idar FORTRAN 77, wadda aka tabbatar a 1978, ta ba da zaɓi: BZ a cikin FORMAT na cewa a ɗauki sarari sifili, BN na cewa a yi watsi da shi, haka nan ana iya faɗa wajen buɗe fayil da BLANK='ZERO' ko BLANK='NULL'. In aka buɗe fayil ba a ce komai ba, watsi ake yi. Shi gfortran watsi ya yi, ya ga 12, ya ba ni 0.12. Kawu ya taɓa ce mini da FORTRAN IV aka fara rubuta shirin, daga baya aka yi masa kwaskwarima. Na saka BZ a farkon layi na 100 na sake gudanarwa. Jimilla ta hau daidai kan ta takarda, 48 cikin 48.

Da na ga haka na yi murna, minti biyu. Sai na tuna inci 12 milimita 304.8 ne, a rana ɗaya, alhali tashoshin da ke maƙwabtaka da ita yayyafi suka rubuta ranar. To wane ne ya yi kuskure, ni ko takarda? Na cire BZ ɗin. Gobe Unguwar Rimi.

Lahadi, 24 ga Agusta

Na same shi a zaure bayan la'asar yana sauraren rediyo. Bayan gaisuwa na nuna masa layin. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kai yatsa kan allon yana ƙirga gurbi da baki kamar ɗan aji ɗaya. Sai ya ƙwala wa Inna kira ta ɗauko masa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Ashe yana da takardun da ake rubuta lambobi da hannu kafin a kai wa masu bugu, masu ƙananan akwatuna tamanin a jere. Sun yi ja, gara ta ci gefen wasu. Mun kusa rabin awa kafin mu samo Satumba 1974. Ga shi da fensir, a akwatuna biyu na dama: 12. Inci 0.12.

Ya yi shiru har na fara da-na-sanin zuwa. Can ya ce, "Akwai inji na biyu da ake sake buga kati a kai don tantancewa. In layi ya yi tsawo a cibiyar kwamfuta, mukan ce a bar shi, mota na jira." Ya ce da jimillar nan suka rubuta rahoto, har ya tuna an yi ta mamakin damunar tashar a ofis, wani ya ce ai tudu ne ke jawo hadari. Shekara 37 ke nan.

Na ce, "Kawu, ai ba ku kuka buga ba."

Ya ce, "Ni na sa hannu. Gyara, ka rubuta a gefe cewa ka gyara, da dalili."

Ya ba ni takardun in yi fotokwafi in dawo masa da su kafin magariba, don ba za su kwana a waje ba. Fotokwafi 2,400, keke 1,200.

Asabar, 30 ga Agusta

Shekarun milimita, 1976 zuwa 1987. Katin farko na kowane fayil na ɗauke da 1 ko 2, shi ke zaɓar READ ɗin da za a bi. Na biyun FORMAT ɗinsa iri ɗaya ne sai dai F4.1, lamba ɗaya bayan ɗigo. Jimilla 72, duk sun dace da takarda. Da a makon jiya ne da na rufe littafi, amma yanzu na daina ɗaukar takardar nan alƙali.

Ranar da ba a duba ma'auni ba, 9999 suke bugawa. Shirin na da layin da ke cewa in R ya kai 99.0 a tsallake shi. Na sa ya riƙa buga duk abin da ya tsallake. A shekarun inci ba matsala, 9999 ta zama 99.99, ba ruwan gaske da zai kai nan. A shekarun milimita kuwa 9999 ta zama 999.9, amma wanda ya ƙara sabon FORMAT bai taɓa iyakar 99.0 ba. Sakamakon haka duk ranar da aka sheƙa ruwan da ya kai milimita 99, shirin ya ɗauka ba a yi awo ba ya jefar. Kwana bakwai na samu a haka, ɗaya 104.3. Tsohon inji da nawa sun yarda da juna ne don kuskure ɗaya suke yi. Kuma kwanakin nan su ne ainihin waɗanda mai binciken ambaliya ke nema, sauran duk rakiya ne.

Na kira ta na gaya mata. Ta ce, "Yaya, don Allah kar ka gaya wa Baba yau, bari ya huce da na makon jiya."

Laraba, 3 ga Satumba

Taron malamai ya cinye safiya. Abu ɗaya na duba: a 1986 wani ya riƙa buga ɗigo da hannunsa, 12.5 a gurbi huɗu. Ba laifi, in ɗigo na cikin filin shi ake bi, na FORMAT ya ja da baya.

Asabar, 6 ga Satumba

Saura sarari tsantsa. Filin da babu komai cikinsa sifili ne, ko BN ko BZ. Wannan ya yi musu amfani a ran 31 ga watanni masu kwana 30 da ƙarshen Fabrairu, ba ya ƙara komai a jimilla. Amma a tasha ta 22, Yulin 1983, kwana ashirin a jere fanko ne. Kwana ashirin ba ɗigon ruwa a Yuli, a ƙasar nan? Takardar hannu ta nuna an ja layi an rubuta cewa mai awo ba shi da lafiya. Mai bugu bai sa 9999 ba, ya tsallake. A wajen F4.1, ranar da ba ruwa da ranar da ba a duba ba duk abu guda ne.

Maganin da na yi: na daina barin READ ya taɓa lambobi kai tsaye. Ina karanta layin gaba ɗaya da A80 a matsayin rubutu, in yanko gurbi huɗu na kowace rana, na farko daga gurbi na 11, na gaba a ƙara huɗu. In yankin fanko ne kuma ranar na cikin watan, in yi masa alamar ba awo. In akwai sarari a damansa, in buga gargaɗi. In lafiya yake, sai in sake yin READ daga cikin rubutun da F4.1 ko F4.2, abin da FORTRAN 77 ya halatta. Na ƙara IOSTAT, wanda ke dawo da sifili in an dace, ƙasa da sifili in fayil ya ƙare, sama da sifili in an ci karo da shara, don shirin ya faɗi layin maimakon ya mutu.

Na kuma sa ya gwada shaidar kati na biyu da ta na farko. Tsohon 10X tsallake ta yake yi ido rufe, da kati ɗaya zai ɓace, sai ya ɗauki farkon watan gaba ya cike, komai ya goce har ƙarshen fayil. An yi sa'a babu wanda ya ɓace. Gargaɗin sarari a dama ya fito sau ɗaya tak, ran 9 ga Satumba 1974.

Fetur na janareta, 2,000.

Asabar, 13 ga Satumba

Tebur ya tafi wajen mai shi, da shafi na daban mai gyara uku da dalilansu, yadda Kawu ya ce. Shi ma an gaya masa zancen kwana bakwai. Bai ce komai ba sai, "Wa ya ƙara FORMAT na biyun?" Ya ɗan yi tunani, ya ce kar in amsa.

Kuɗin da na kashe zuwa yau: 14,400. Kawu ya ce zai biya, na ce a'a, Inna ta cika mini leda da gyaɗa.

Akwai sauran babban fayil guda, na tsayin ruwan kogi, da nasa ɗan shirin. FORMAT ɗinsa ya ƙare da (12F6.2) a cikin baka na ciki, kuma yanzu na san amfanin bakan: in FORMAT ya ƙare alhali da sauran ma'ajin da ba a cika ba, inji kan ɗauko sabon layi ya koma kan rukunin baka na ƙarshe, ba farkon FORMAT ba. Da haka rana mai awo 12 da mai awo 40 ke bin FORMAT ɗaya. Na kuma hango 1P a wani wuri. A wajen karantawa yana raba lambar da goma in ba ta zo da E, alamar ninki da goma-goma, ba, kuma ba ya tsayawa a filin da ke gabansa, yana bin duk na bayansa har ƙarshen wannan READ ɗin sai in an sa 0P. Filaye uku ne a bayansa, ban ga 0P ba.

Makaranta za ta koma, don haka sai ranakun Asabar. Ta farko: in karanta fayil ɗin kogin da A80, in buga rula ta gurbi 1 zuwa 80 a samansa, in tafi da ita Unguwar Rimi mu zauna da akwatin ƙarfe kafin in bar shirin ya lissafa komai.